Naɗi da Tuɓewa a Cikin Ɓargo: Nazari Kan Balagar Fararen Ƙwayoyin Jini

1.0 GABATARWA

Duk mahaucin da ke fawa a garin Indabo, ko wanda ke sayo dabba daga karar Wudil ran Juma'a, ya san abubuwa biyu na cikin jikin dabba waɗanda ɗan makaranta sai a littafi yakan gamu da su. Na farko shi ne saifa, watau tsokar nan mai duhun ja da ke manne da tumbi ta wajen hagu. Na biyu kuwa shi ne ɓargo. Mahauci ya san cewa ɓargon ƙashin ƙafar babban sa kitse ne mai ruwan ɗorawa, amma in ya sara haƙarƙari ko ƙashin baya, abin da zai tarar a ciki ja ne, kamar soson da ya sha jini. Wannan jan ɓargo shi ne mahaifar jini, ga dabba da mutum baki ɗaya. In kuwa tsarin haihuwar ya lalace, sau da yawa saifa ce kan fara nuna alama.

Kumburin saifa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mutum kan ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, ya ci loma kaɗan ya ji ya ƙoshi, ya yi ta ramewa, ya riƙa gumi da dare. Dalilan haka suna da yawa. To amma a cikin masu wannan larura akwai 'yan kaɗan waɗanda asalin ciwonsu wani sinadari ne guda ɗaya tak a cikin ɓargo, wanda ya ƙi daina aiki. A da ciwon kan kashe mutum cikin 'yan shekaru. Tun daga shekarar 2001 akwai maganin da ke tsayar da sinadarin.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda fararen ƙwayoyin jini ke balaga, da irin rawar da sinadaran isar da saƙo ke takawa wajen balagar tasu, da abin da ke faruwa in sun gaza ko sun wuce gona da iri. Daga ƙarshe za a duba abin da wannan ilmi ke nufi ga mai kumburin saifa a gari kamar Indabo.

2.0 KALMOMIN NAZARI

Tun da yake ba cikin Hausa aka fara rubuta wannan ilmi ba, ya kamata a share fage da zancen kalmomi.

Sunan da likitocin Turai suka ba cutar yawaitar fararen ƙwayoyi daga Girkanci aka ƙera shi, ma'anarsa kuwa "farin jini". Ba shi yiwuwa a fassara shi haka kai tsaye, domin a wurin Bahaushe farin jini shi ne ƙaunar da jama'a ke yi wa mutum, ba kuwa wanda zai nemi maganin rabuwa da shi. Saboda haka a nan za a ce "sankarar jini", kamar yadda ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo ke faɗa.

Kalmar "ƙwaya" ita ma tana da fuskoki: akwai ƙwayar hatsi, da ƙwayar ido, da ƙwayar magani. A wannan maƙala, in an ce "ƙwaya" kawai, ana nufin ɗan ƙaramin ɗakin nan mai rai wanda daga irinsa aka gina dukan jiki, wanda ba a ganinsa sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da bango da ya kewaye ta, galibin nau'o'in ƙwaya kuma suna da cibiya a tsakiyarsu. A cikin cibiyar ne ake ajiye umarnin gado, a jikin waɗansu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, biyu-biyu har kashi 23.

"Enzayim" wani nau'in furotin ne da ke hanzarta canji a jikin wani abu ba tare da shi ya ƙare ba. Shi ne ke cikin yawu, wanda ke sa gurasa ta yi zaƙi in an daɗe ana tauna ta. Shi ne kuma ke cikin ganyen gwanda da ake naɗe nama da shi don ya yi laushi.

An zaɓi kalmar "balaga" a maimakon "girma" domin baligi shi ne wanda hukunci ya hau kansa. Haka ita ma ƙwaya, balagarta ita ce ta kai matsayin da za ta iya ɗaukar aikin da aka halicce ta dominsa.

3.0 ƁARGO DA 'YA'YANSA

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. A cikin ɗigon da bai wuce kan allura ba, watau milimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, amma farare ba su wuce 4,000 zuwa 11,000 ba. Jajaye su ne masu dakon iska. Farare kuwa su ne dakarun jiki, kuma iri biyar ne:

(a) Niyutirofil, wanda ke haɗiye ƙwayoyin cuta. Mugunyar da ke fita daga maruru, galibinta gawarwakin niyutirofil ne da suka mutu a fagen fama.

(b) Limfosayit, mai gane cuta ya kuma tuna da ita. Iri biyu ne manya, B da T. Kaluluwar da kan fito a matsematsi in mutum ya ji ciwo a ƙafa, taron limfosayit ne suna hayayyafa.

(c) Monosayit, wanda ke fita daga jini ya zauna cikin gaɓoɓi yana share gawarwaki da datti.

(d) Iyosinofil, wanda kan yawaita ga masu tsutsar ciki ko tsargiya.

(e) Basofil, wanda ya fi kowane ƙaranci.

Dukan waɗannan, har da jajayen, uwarsu ɗaya. A shekarar 1961, a birnin Toronto na Kanada, James Till da Ernest McCulloch sun zuba ɓargo a jikin ɓerayen da aka kashe musu nasu ɓargon da haske mai ƙuna. Bayan 'yan kwanaki sai suka ga ƙuraje a kan saifar ɓerayen. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kowane ƙurji zuriyar ƙwaya ɗaya ce tak, kuma a cikinsa ana iya samun jinsin jini fiye da ɗaya. Wannan ita ce uwar ƙwayoyin jini. Tana iya haifar irinta don kada ta ƙare, tana kuma iya haifar 'ya'yan da za su bi hanyoyi dabam-dabam.

4.0 MATAKAN BALAGA

A ɗauki niyutirofil a matsayin misali. Daga ɗanyar ƙwaya zuwa baliga akwai matakai shida, tafiyar kuwa kan ɗauki kimanin mako biyu a cikin ɓargo. A matakai uku na farko ƙwayar tana rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, tana kuma tara 'yan ƙunshe-ƙunshen dafin da za ta kashe cuta da su. A matakai uku na ƙarshe sai ta daina rabuwa sam. Cibiyarta, wadda da take kewayayya, sai ta lotsa kamar ƙoda, sannan ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, daga bisani ta kasu gida biyu zuwa biyar kamar 'ya'yan carbi a zare. Da ganin siffar cibiya mai duban jini kan san matakin da ƙwaya ta kai. Baliga ce kaɗai ya kamata ta fita cikin jini, a can kuwa ba ta daɗewa, awoyi ne ko kwana kaɗan.

Saboda gajertar rayuwar tasu, ɓargon babban mutum kan fitar da niyutirofil wajen biliyan 100 kowace rana. In cuta ta shiga jiki adadin kan ninka, in ta wuce ya koma yadda yake. A nan tambaya ke tasowa. Ƙwayar da ke dunƙule cikin ƙashin ƙugu ba ta da ido ba ta da kunne. Ta yaya take sanin cewa ƙaya ta soki mutum a tafin ƙafa? Wa ke gaya mata ta rabu, wa kuma ke gaya mata ta daina rabuwa ta balaga?

5.0 YADDA SAƘO KE ISA

5.1 Ɗan aike da makarɓi

A shekarar 1966, a birnin Melbon na Ostareliya, Ray Bradley da Donald Metcalf sun shuka ƙwayoyin ɓargo a cikin faranti. Sun lura cewa ƙwayoyin ba sa hayayyafa, ba sa kuma balaga, sai in akwai wani abu da waɗansu ƙwayoyin dabam ke fitarwa. Shekaru da dama aka yi kafin a tace waɗannan abubuwa ɗaya-ɗaya. Su ne 'yan aiken jiki. Wanda ya shafi niyutirofil ana kiransa G-CSF, kuma gaɓar da cuta ta kama tana ƙara sakinsa cikin jini. Na monosayit shi ne M-CSF. Tun shekarar 1991 ana yin G-CSF a matsayin allura ga waɗanda maganin sankara ya karya musu ɓargo.

To amma ɗan aiken ba ya shiga cikin ƙwaya. Kamar baƙo namiji ne a gidan Bahaushe: iyakarsa zaure, nan zai yi sallama ya tsaya. A jikin bangon ƙwaya akwai wani furotin da ya ratsa bangon, kansa a waje, jelarsa a ciki. Shi ne makarɓi. Kowane ɗan aike da nasa makarɓin, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Aikin da ya rage shi ne a ɗauki saƙon daga zaure a kai shi cibiya, wannan kuwa aikin enzayim ne.

5.2 Kinas, mai naɗi

A tsakiyar shekarun 1950, a Amurka, Edmond Fischer da Edwin Krebs sun gano cewa ana iya ta da furotin ko a kwantar da shi ta hanyar liƙa masa wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet, ko a cire masa shi. Wannan bincike ne ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1992. Enzayim ɗin da ke liƙa fosfet shi ake kira kinas, mai cirewa kuwa fosfatas. Kinas kan samo fosfet ɗin daga wani sinadari mai suna ATP, wanda ke shiga wani gurbi na musamman a jikinsa. Ya kamata mai karatu ya riƙe zancen wannan gurbi, domin za a dawo kansa.

Abin ya yi kama da naɗin sarauta. Mutumin da aka naɗa dagaci shi ne dai mutumin jiya, amma sai rawani ya hau kansa sannan maganarsa kan zama umarni. Ran da aka tuɓe shi kuwa umarnin ya ƙare. Fosfet shi ne rawani, kinas mai naɗi, fosfatas mai tuɓewa. Sai dai kamancin ba cikakke ba ne, domin akwai furotin ɗin da fosfet ke kwantar da shi a maimakon ya ta da shi.

A 1979 Tony Hunter ya gano wani jinsin kinas da ke liƙa fosfet a kan wani ɓangare na furotin mai suna tairosin. Lissafin da aka buga a 2002 ya nuna cewa ɗan Adam yana da kinas iri 518, daga cikinsu 90 na tairosin ne. Suna taka muhimmiyar rawa a hanyoyin da suka shafi balagar jini.

5.3 Tafiyar saƙo mataki-mataki

Ga yadda saƙon G-CSF ke tafiya:

(i) Ɗan aike ya zauna a kan makarɓai biyu, ya haɗa su wuri ɗaya.

(ii) A jikin jelar kowane makarɓi akwai kinas mai suna JAK. Da makarɓan suka matso, sai JAK biyun su naɗa wa juna fosfet, su tashi.

(iii) Su kuma sai su liƙa fosfet a jelar makarɓin, wurin ya zama mazauni ga wani furotin mai suna STAT.

(iv) STAT ya zo ya zauna, JAK ya naɗa shi, ya haɗu da ɗan'uwansa, su biyu su nufi cibiya.

(v) A cibiya sai su buɗe shafukan gadon da ake bukata: na hana ƙwaya mutuwa, da na rabuwa, da waɗanda ke taimaka wa balaga.

JAK iri huɗu ne, STAT kuwa bakwai, ga kuma waɗansu hanyoyin da ke reshe daga makarɓin guda. Akwai makarɓan da ba sa bukatar JAK domin jelarsu da kanta kinas ce, kamar makarɓin M-CSF. Abin da ƙwaya za ta zama ya dogara ga irin saƙon da ya zo, da ƙarfinsa, da daɗewarsa, da kuma furotin ɗin da ya riga ya tarar a cibiya.

5.4 Tuɓewa

Saƙon da ba ya yankewa ba saƙo ba ne, hayaniya ce. Don haka cikin shafukan da STAT ke buɗewa har da na wani furotin mai suna SOCS, wanda aikinsa shi ne ya koma ya rufe bakin JAK. Watau saƙon da kansa ne ke haifar abin da zai kashe shi. Bugu da ƙari fosfatas na nan yana tuɓe duk wanda aka naɗa. An ga muhimmancin haka a jikin waɗansu ɓeraye da aka haifa ba su da fosfatas mai suna SHP-1: fararen ƙwayoyinsu kan yi yawa, su afka wa fata da huhu, ɓerayen su mutu cikin 'yan makonni. Ke nan lafiyar jini tana tsakanin naɗi da tuɓewa, kowane ya gaza akwai cuta.

6.0 IN NAƊI YA GAGARA

A shekarar 1952 wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 8 da cututtuka suka yi ta kamawa a kai a kai. Da aka auna jininsa sai aka tarar ba shi da furotin ɗin garkuwa waɗanda limfosayit B ke ƙerawa. Sai a 1993 aka gano dalili. Ƙaramar ƙwayar B, tun tana cikin ɓargo, tana da wata jarrabawa: dole ta aika wa cibiyarta saƙon cewa ta ƙera makarɓinta daidai, sannan a ba ta izinin wucewa. Kinas ɗin da ke ɗaukar wannan saƙo an sa masa suna BTK don tunawa da Bruton. In ba ya aiki, ƙwayoyin kan tsaya cik a wannan mataki, ba mai balaga. Umarnin ƙera BTK yana kan kuromosom X, shi ya sa cutar ta fi kama maza. Alamunta kan fara ne bayan wata shida da haihuwa, lokacin da garkuwar da jariri ya samo daga mahaifiyarsa ta ƙare.

Haka kuma a 1995 an gano jariran da JAK3 ɗinsu ba ya aiki. Su kuwa limfosayit T ne ba sa samu, kuma in ba a yi musu dashen ɓargo ba da wuya su wuce ƙuruciya. Waɗannan cututtuka ba su da yawa, amma sun tabbatar da cewa rashin enzayim guda ya isa ya tsayar da zuriyar ƙwaya sukutum.

7.0 IN TUƁEWA TA GAGARA

A shekarar 1845 likitoci biyu, John Hughes Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Balin, kowane ya buɗe gawar wani majinyaci mai ƙatuwar saifa, ya tarar da jininsa cike da fararen ƙwayoyi. Bennett ya zaci mugunya ce ta shiga jini. Virchow bai yarda ba, shi ne kuma ya raɗa wa cutar sunan nan na Girkanci a 1847. Wannan ita ce sankarar jini mai tafiyar hawainiya ta zuriyar niyutirofil, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CML.

An yi fiye da shekara 100 ba a san asalinta ba. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani guntun kuromosom a ƙwayoyin masu cutar, aka sa masa sunan garinsu, Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta nuna cewa musaya ce ta auku: kuromosom na 9 da na 22 sun karye, kowane ya ɗauki guntun ɗan'uwansa. A shekarun 1980 aka gane abin da musayar ta haifar. A kan na 9 akwai umarnin ƙera wani kinas mai suna ABL, wanda a ka'ida yana da linzamin da ke riƙe shi. A wurin karayar sai linzamin ya ɓata, aka ɗinke sauran da wani yanki mai suna BCR. Sabon enzayim ɗin, BCR-ABL, naɗi kawai yake yi dare da rana. Yana ta da STAT da sauran hanyoyi ko ba ɗan aike a zaure, har fosfatas ya kasa cim masa.

Ya kamata a lura cewa a farkon cutar ƙwayoyin suna balaga. Aibinsu shi ne sun yi yawa, suna kuma fita jini tun kafin su gama matakansu. Ƙidayar da ta kamata ta tsaya ƙasa da 11,000 sai ta haura 100,000, mai duba kuwa ya ga dukan matakan nan na sashe na 4.0 a cikin ɗigon jini, alhali a ɓargo ya kamata su kasance. Rarar kan taru a saifa har ta kumbura, wani lokaci ta gangaro ƙasa da cibiyar mutum. In ba magani, bayan shekara 3 zuwa 5 sai waɗansu kurakuran su ƙaru a cikin zuriyar, balaga ta tsaya gaba ɗaya, ɗanyun ƙwayoyi su cika ɓargo su hana a haifi jajaye. A nan ne fararen kan zama taron tsintsiya ba shara: ga su birjik, amma ba mai iya kashe ƙwayar cuta. Wannan mataki kan yi kisa cikin watanni.

Da aka san mai laifi sai aka nemi abin da zai kama shi. Masana a wani kamfanin magani na Suwizalan, wanda ya zama Novartis a 1996, sun ƙera wani sinadari da ke shiga gurbin ATP na BCR-ABL ya toshe shi. Tun da ba fosfet, ba naɗi. Likita Brian Druker ya fara gwada shi ga majinyata a 1998. Cikin mutum 54 da aka ba miligiram 300 ko fiye a yini, 53 jininsu ya koma daidai. A watan Mayu na 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Sunansa imatinib, ana kuma sayar da shi da sunan Glivec. Rahoton da aka buga a 2017 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fara jinya da shi suna raye bayan shekara 10.

8.0 MAI KUMBURIN SAIFA A INDABO

Yanzu sai a koma gida. A ɗauka wani magidanci ne a Indabo ya shafa cikinsa ya ji taurin nan ta hagu. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ba kowace saifa ce sankara ba. A 1976 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Anthony Bryceson da Alan Fleming da wani abokin aikinsu, sun buga bincikensu kan masu ƙatuwar saifa a Arewacin Nijeriya. Rukunin da ya fi yawa shi ne na waɗanda yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura musu ita. Sauran sun haɗa da masu ciwon hanta, da masu irin tsargiyar da ke kama hanji da hanta, da masu sankarar jini. Ga mutanen da ke noman fadama ko su a bakin kogin Wudil, sauro da tsargiya su ne abin zargi na farko.

Matsalar ita ce hannu ba ya iya bambance su, duk tauri ɗaya ne. Wasu kan je wurin wanzami a yi musu tsaga ko a kafa ƙaho a wajen. Wanzami gwani ne a sana'arsa, amma aska ba ta kai wa ɓargo, jinin da aka zubar kuwa asara ce ga wanda jininsa ya riga ya yi ƙaranci. Abin da ke raba gardama shi ne ƙidayar jini da duban ɗigonsa a madubi, gwajin da manyan asibitoci ke yi. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen likitocin jini. In ƙidaya ta yi sama, sai a nemi tabbaci ta gwajin kuromosom na Filadelfiya ko na BCR-ABL kansa, domin imatinib ba ya amfanar galibin nau'o'in sankarar jinin da ba wannan enzayim ne asalinsu ba.

Cutar ta fi cin rai a nan fiye da Turai ta fuska ɗaya. A can matsakaicin shekarun masu kamuwa ya haura 55, amma rahotannin Nijeriya sun nuna bai kai 40 ba. Watau masu ciyar da iyali take kamawa. Da maganin ya fito kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. A 2003 aka fara raba shi kyauta a Nijeriya, ƙarƙashin wani shiri na Novartis da gidauniyar Max, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, bisa jagorancin Farfesa Muheez Durosinmi. An yi shekaru da dama can ne kaɗai ake karɓa, don haka majinyacin Kano sai ya yi tafiyar yini guda cur a mota, ya kuma riƙa komawa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib cikin jerin magungunan da ba a rasawa, wasu kamfanoni kuma suna yin irinsa mai rahusa.

Sanin yadda enzayim ɗin ke aiki yana koyar da abubuwa huɗu:

Na ɗaya, cutar ba gado ba ce kamar sikila, ba a kuma ɗaukarta. Karayar kuromosom ɗin a cikin ƙwayar ɓargo ɗaya ta auku bayan haihuwa. Ba dalilin ƙyamar majinyaci ko fasa auren 'ya'yansa.

Na biyu, maganin toshe gurbi yake yi, ba ya ɗinke kuromosom. In an daina sha, enzayim ya koma naɗi. Saifa ta sace ba shi ne warkewa ba. Ko waɗanda suka yi shekaru gwaji bai ga alamar cutar ba, aka dakatar musu da izinin likita, wajen rabinsu cutar kan dawo. Sau ɗaya ake sha a yini tare da abinci, mai son yin azumi kuwa sai ya shawarci likita a gyara masa lokaci.

Na uku, sha yau a bari gobe yana ba cutar sarari, har a sami ƙwayoyin da gurbinsu ya sake siffa, maganin ya kasa shiga. Akwai magunguna na baya, kamar dasatinib na 2006 da nilotinib na 2007, amma sun fi wuyar samu.

Na huɗu, maganin na iya cutar da ɗan tayi, don haka macen da ke shan sa ta sanar da likita kafin ta ɗauki ciki.

9.0 KAMMALAWA

An ga cewa fararen ƙwayoyin jini ba da ka suke balaga ba. Ɗan aike ke zuwa bakin bango, kinas ya naɗa, saƙo ya isa cibiya, fosfatas ya tuɓe. In naɗi ya gagara, kamar a cutar Bruton, ba a samun baligai. In tuɓewa ta gagara, kamar a CML, sai su yi yawan da ke zama halaka. Daga gawar da Bennett ya buɗe a 1845 zuwa ƙwayar maganin 2001 shekara 156 ke nan, amma amfanin wannan doguwar wahala ba ya isa ga mutumin Indabo sai an ɗebi jininsa an ƙidaya tun cutar na matakin farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayanin hakan kuwa da Hausa zai fi shiga, kuma kamar yadda aka gani, ɓargo da saifa da mugunya da kaluluwa duk kalmomi ne da harshen ya daɗe da su. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.